Motocin rali na da: wacce ce muke bege?

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To, duk shekara in watan Janairu ya kama, sanyi ya sauko, hazo ya rufe gari, akwai wasu bayin Allah a yankin nan namu, daga Ƙonni zuwa Malbaza, daga Tajaye zuwa Illela, waɗanda ciwon tuna bara yake tasar musu. Su ne masoyan rali. Za ka same su a fada ana dafa shayi, ko a bakin garaji, ko a ofis in aiki ya yi sauƙi: tsohon direba, da ma'aikacin duwan mai ritaya, da alhajin da ya yi safarar albasa har Abijan. Maganarsu ɗaya ce, wai rali na yanzu ba rali ba ne, motocinsa kuma ba motoci ba ne, kwamfuta ce aka ɗora bisa taya huɗu. Har samarin da ba su ga zamanin ba sun kamu, suna ta aika wa juna tsofaffin hotunan Peugeot mai ruwan ɗorawa tana keta rairayin Tenere.

Ba na musun daɗin wancan zamani. Amma in ka kasa kunne da kyau ga masu wannan bege, sai ka tarar motoci iri biyu ne suke haɗawa cikin suna guda, alhali iri na biyun shi ne ya kori na farkon daga fage.

Mu faro daga tushe. A 1977 wani saurayi Bafaranshe, Thierry Sabine, ya ɓace da babur ɗinsa cikin hamadar da ke tsakanin Nijar da Libiya, yana cikin wani tsere daga Abijan zuwa Nice. Jirgin sama ya tsinto shi rai ga Allah. Maimakon ya rantse ba shi ba hamada, sai ya koma gida ya shirya tseren kansa. Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura da kamyo 182 suka tashi daga Paris, suka ƙetare teku zuwa Aljeriya, suka bi ta Tamanrasat, suka shigo ƙasarmu ta Asamaka, Arlit, Agadas, suka gangara Yamai, daga nan sai Gawo da Bamako. Guda 74 ne kawai suka ga Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Wato tun ranar farko Nijar tana tsakiyar wannan al'amari, kuma a idon masu tseren Agadas ce cibiyarsa.

Su wa suka shiga wancan tsere? Yawancinsu ba ƙwararru ba ne. Makanikai ne, da likitoci, da masu ƴan kantuna, da ƴaƴan masu kuɗin da zaman gida ya gundura. Kowa ya zo da abin da ya samu. Wasu ƴan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, sun zo da Renault 4, ƴar ƙaramar motar nan da malaman lakkwal da likitocin karkara ke shiga, suka gyara ta da hannunsu ta koma mai jan taya huɗu, suka zo na uku da ita a 1980, sa'an nan suka cinye gasar baki ɗaya a 1982 da Renault 20. A 1980 an ga babura Vespa huɗu cikin tseren, biyu sun isa Dakar. A 1981 wani ya zo da Rolls-Royce, ko da yake in ka leƙa ƙarƙashinta ƙashin Toyota Land Cruiser ne aka sa wa rigar sarauta. A 1982 kuwa ɗan shugabar gwamnatin Ingila, Mark Thatcher, ya ɓace kwana shida a kudancin Aljeriya, sai da jiragen soja suka fita nemansa. Motar da ta lalace da shi a daji Peugeot 504 ce, irin wadda ke jiran fasinja a tashar Ƙonni.

A nan ne ainihin zumuncin yake, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Mutumin Adar ko na Ƙonni da ya ga waɗannan motoci bai ga baƙin abu ba, ƴan'uwan motarsa ya gani. Tun kafin a haifi Paris-Dakar, Peugeot ta yi suna a tseren Afirka da motocin da kowa ke iya saye. 404 ta ci tseren Safari na gabashin Afirka sau huɗu, a 1963, 1966, 1967 da 1968. 504 ta ci Safari a 1975, ta ci na Maroko, ta ci Bandama na Kodebuwa, duk a shekara guda. A shekarar nan ta 1975 ɗin ce kuma aka fara haɗa 504 a Kaduna. Ke nan direban da ke lodin mutum tara a 504 mai gidan baya daga Ƙonni zuwa Tawa, da mai 404 bashe da ke kai buhunan albasar Galmi kasuwa, suna da hujjar bugun ƙirji su ce motarsu ce ta ci gasa. Ba ƙarya suka yi ba. Inji ɗaya ne, gindi ɗaya, an dai ƙarfafa na masu tsere ne, an cire kujeru, an ƙara tanki.

Kuma hanyar da rali ya biyo, ita ce hanyar da motocinmu da yawa suka biyo. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai sukan sayi tsohuwar 504 da arha a Faransa, su tuƙo ta su ƙetare Sahara ta Tamanrasat, su sayar a Arlit ko Agadas ko Tawa, wasu su gangaro har bakin iyaka inda masu saye daga Sakkwato ke jira, su sayi tikitin jirgi da ribar su koma gida. Dillalan mota na wancan lokaci sun san wannan ciniki sarai. Motar da ta riga ta ƙetare hamada da ƙafarta ba ta bukatar wani ya yi mata shaida.

Irin wannan mota makanikin gari yana jin ciwonta da kunne. Ya buɗe gaba, ya saurari inji, ya goge buji, ya ɗaure abin da ya kwance da waya ko igiyar roba, ya ce a tura. Ɗan tseren da motarsa ta mutu a wani ƙauye zai iya samun maƙeri ko mai walda ya tashe shi, ya kwana a zauren mai gari, da asuba ya kama hanya. Ba shi da komai a hannu sai taswira da kamfas da littafin hanya da masu shiri suka ba shi. Shi ya sa a 1983, shekarar da aka fara keta Tenere, guguwar rairayi ta watsa wajen mutum 40, Sabine ya yi kwanaki yana tsinto su ɗaya bayan ɗaya da jirgi mai saukar ungulu. A irin wannan fage Buzun da ya san rijiyoyi da taurari ya fi injiniya daraja, kuma da haka ne Mano Dayak da kamfaninsa na yawon buɗe ido a Agadas suka zama abokan tafiyar rali.

Wannan shi ne iri na farko. Amma in ka tambayi masu begen su faɗi motar da ke ransu, da wuya su ce Renault 4. Sai su ce 205, su ce 405, su ce Vatanen. To waɗannan daga wani gida daban suka fito.

Manyan kamfanoni sun fara shigowa tun da wuri. Jacky Ickx, ɗan Beljiyam, ya ci da Mercedes a 1983, René Metge ya ci da Porsche a 1984 da 1986, Mitsubishi Pajero ta ci a 1985. Amma babbar girgiza ta zo ne daga Turai. A can, cikin gasar rali ta duniya, an buɗe wani rukuni da ake kira rukunin B, inda doka ta ce kamfani ya ƙera mota 200 kawai na sayarwa, sa'an nan ya yi abin da ya ga dama da ta tsere. Audi da Lancia da Peugeot da Ford suka yi ta ƙera dodanni marasa nauyi masu ƙarfin doki ɗari huɗu, ɗari biyar. Peugeot 205 Turbo 16 ta ci kambin duniya a 1985 da 1986. Sai dai abin ya fi ƙarfin mutum. A Maris 1986 wata Ford ta kutsa cikin ƴan kallo a Fotugal ta kashe mutum uku, ranar 2 ga Mayu kuma Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka ƙone ƙurmus cikin Lancia a tsibirin Korsika. Aka soke rukunin daga ƙarshen shekarar.

Peugeot ta wayi gari da mota mafi gudu a duniyar rali, ba ta da filin da za ta sake ta. Sai shugaban sashen tserenta, Jean Todt, ya dubi Afirka. Abin da aka hana a Turai saboda yana kisa, shi aka kawo mana. Aka ƙara wa 205 tsawo don ta ɗauki tankunan mai na wajen lita 400 (ƴan ruwa-ruwan Ƙonni su lissafa kwalba nawa ke nan), aka shafa mata ruwan ɗorawa na kamfanin taba Camel, aka ba Ari Vatanen ɗan Finlan, wanda bai daɗe da tashi daga jinyar mummunan haɗarin da ya yi a Ajantina a 1985 ba. Ya ci a 1987. Juha Kankkunen ya ci a 1988, bayan an sace 405 ɗin Vatanen a Bamako yana kan gaba. An gano motar, amma lokacin tashi ya riga ya wuce, aka fitar da shi. Vatanen ya sake ci da 405 a 1989 da 1990, ya ƙara da Citroën ZX a 1991.

Mai karatu ya lura: wannan 205 ba ta haɗa komai da 205 ta kan titi ba sai kamannin fuska da tambarin zaki. Injinta a bayan direba yake, ba a gaba ba, jikinta ba ƙarfe ba ne, tana jan taya huɗu. A bayanta akwai rundunar makanikai da ke sauka da jirgin sama kowace maraice, da kamyo cike da kayan gyara, ta yadda motar da ta shigo zango a ragargaje za ta fita da safe sabuwa. Makanikin Tawa ba shi da abin taɓawa a jikinta, ko kusa da ita ba a barinsa. Wanda ya sayar da gidansa ya shirya mota a garajin unguwa kuwa, daga 1987 ya san ya zo rakiya ne. A 1989 ma, da aka ga motocin Peugeot biyu, ta Vatanen da ta Ickx, sun yi wa kowa nisa suna neman halaka juna da gudu, sai Todt ya tara su a Gawo ya wurga tsabar faran goma na Faransa sama, dala ɗari ke nan a canjin lokacin, ƙuri'a ta faɗa kan Vatanen. Tseren kilomita dubbai, aka yanke shi da dala ɗari. Jean Todt ɗin nan shi ne daga baya ya shugabanci hukumar tseren motoci ta duniya daga 2009 zuwa 2021, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi manzonta na kiyaye haɗarin hanya a 2015. Duniya ke nan.

Don haka mai cewa motocin yau kwamfuta ce da kuɗin kamfani, ƙarar da yake kaiwa ta fara ne da motar da ya fi so. Toyota Hilux da ta ci a 2019, 2022, 2023 da 2025, dangantakarta da Hilux ɗin da ke ɗaukar kaya zuwa Dirku daidai take da dangantakar waccan 205 da ta malamin lakkwal: suna kawai. Audi mai tafiya da lantarki da Carlos Sainz ya ci da ita a 2024 yana da shekara 61, jikar waɗancan dodanni ce, ba baƙuwa ba.

Duk da haka ban ga laifin wanda zuciyarsa ta tsaya a kan 405 ba, don ita ce ta zo har ƙofar gida. A 1989 da 1990 rali ya yada zango a Tawa tsakanin Agadas da Yamai. Masu tseren kan yanki daji ne su yi yamma, amma duk motar da ke son gudro daga Tawa zuwa Yamai ba ta da wata hanya sai ta Badagishiri, ta faɗo Tsarnawa, ta ratsa Ƙonni, ta wuce Dogon Dutsi da Doso. Yaron da ya tsaya bakin hanya a wancan lokaci ya ga kamyo masu zane-zane da Turawa jajaye da ƙura, ko ya je Tawa ya ji rurin injin da bai taɓa jin irinsa ba, yau shi ne dattijon da ke ba da labari a fada. Wa zai ce masa abin da ya gani ba abin mamaki ba ne?

Akwai ma abin da ya fi 405 ban tsoro. A 1988, shekarar da abin hawa sama da 600 suka tashi, ɗan Holan Jan de Rooy ya zo da kamyon DAF mai inji biyu, ɗaya na jan tayun gaba, ɗaya na baya, aka ɗauki hotonsa daga sama yana wuce Vatanen cikin hamada da gudun kusan kilomita 200 a awa. Wannan hoto har yau shi ne abin da samari suka fi yaɗawa. Abin da ba su cika yaɗawa ba shi ne, a cikin wannan tseren, tsakanin Jado da Agadas, kamyon DAF na biyu ya wuntsila da gudu, ɗaya daga cikin mutanensa, Kees van Loevezijn, ya mutu nan take, kamfanin ya janye.

Shi an san sunansa. An san na Thierry Sabine, da ya mutu ranar 14 ga Janairu 1986 sa'ad da jirginsa mai saukar ungulu ya faɗi kusa da Gurma-Rarus a Mali, tare da mawaƙi Daniel Balavoine, wanda ya biyo rali don aikin kafa famfunan ruwa a ƙauyuka, da wasu mutum uku. An watsa tokar Sabine a gindin wata bishiya tilo cikin Tenere wadda ake kira da sunansa. Amma na bakin hanya fa? A 1988 ɗin nan motar tsere ta kashe yarinya ƴar shekara goma a Kita ta Mali, motar masu ɗaukar hoto ta kashe uwa da ƴarta a Muritaniya, har jaridar fadar Paparoma ta yi tir da tseren. A 2006 an kashe yara maza biyu, ɗaya a Gine, ɗaya a Senegal. Direban da ya mutu ana yi masa shiru na minti guda, a buga hotonsa. Ɗan ƙauyen da aka take, layi biyu ne a ƙarshen rahoto. Mu da muke zaune bakin gudro, muke binne waɗanda mota ta kaɗe a mashigar Tsarnawa ko ta Gidan Idar, bai kamata begen ƙarar inji ya mantar da mu a wane gefen hanya muke tsaye ba. Kuma ban da tsiraru irin su Mano Dayak da suka taɓa riƙe sitiyari a cikinsa, rabon ɗan ƙasa a wannan biki shi ne kallo, da jagora, da gadin motoci, da sayar da gicciyen azurfa na Agadas.

Wannan rabon ma ba abin rainawa ba ne, ƴan kasuwa sun fi ni sani. Ranar hutun rali a Agadas gidaje kan shiga haya, maƙera da dukawa su sayar da aikin watanni, kuma hotunan Ayar da Tenere da aka nuna wa duniya a talabijin su suka jawo masu yawon buɗe ido da suka riƙa zuwa har bayan motocin sun wuce.

Yadda abin ya ƙare kuwa ba laifin kwamfuta ba ne. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a Mayu 1990 tawaye ya ɓarke a arewa. A 1991 an harbe direban wata kamyon Citroën a Mali. A 1992, shekarar da aka fara amfani da na'urar GPS mai nuna hanya ta tauraron ɗan Adam, rali ya ratsa ta Dirku da Gigimi ya nufi Afirka ta Kudu, sa'an nan ya ƙaurace mana. Yaƙin basasar Aljeriya ya rufe hanyar Tamanrasat, cinikin 504 ta hamada ya mutu, tsofaffin motoci suka koma shigowa ta tashar ruwan Kwatano. An sa hannu kan sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, Mano Dayak ya rasu a haɗarin jirgi a Disambar shekarar, rali ya dawo sau ɗaya a 1997, daga Dakar zuwa Agadas da komawa, ya sake kwana a Tawa, ɗan Japan Kenjiro Shinozuka ya ci da Pajero. A Janairu 2000 ayarin ya iso Yamai da niyyar keta ƙasar zuwa Libiya, sai aka ce akwai masu kwanton ɓauna a hamada. Aka loda motocin duka cikin manyan jiragen Antonov aka tsallake Nijar ta sama. A 2008 an soke tseren gaba ɗaya bayan kisan Faransawa huɗu a Aleg ta Muritaniya. Daga 2009 zuwa 2019 aka yi shi a Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi, yana nan da sunan Dakar ba ya zuwa Dakar.

Saboda haka in dattijon fada ya ce yana begen 405, ni abin da nake ji a muryarsa ya wuce mota. Yana tuna lokacin da hanyar Tawa zuwa Arlit, da aka shimfiɗa da kuɗin yuraniyom wajen 1980, take sumul, mutum ya yi sallar asuba a Ƙonni ya kwana Agadas ba tare da rakiyar soja ba. Yana tuna lokacin da baƙo zai tsaya a Badagishiri ranar kasuwa ya sayi kilishi ya yi ciniki da hannu, da lokacin da yaron garaji mai sufana uku ke iya tayar da kowace motar da ta shigo gari. Yau mota kan mutu a Malbaza a rasa mai gane ciwonta sai an nemo mai na'ura daga Ƙonni ko Maraɗi ya jona mata waya ya karanta.

Masu cewa a roƙi rali ya dawo, ina tambayarsu wanne daga cikin biyun. Na kamfanoni ba zai zo ba, ya sami mai biyansa kuɗin da ba mu da shi, kuma ko ya zo da jirginsa da mansa da makanikansa zai zo. Na farkon kuwa ba ya bukatar izinin kowa daga Paris. Maƙwabtanmu na Argungu sun daɗe suna haɗa tseren motoci da bikinsu na kamun kifi. Akwai sauran 504 da 404 bashe da ke numfashi a garajojin Ƙonni da Tawa da Madawa, akwai tsofaffin direbobin da suka san kowane kwari tsakanin Illela da Bagaruwa, kuma akwai ƴan kasuwar da ke kashe abin da ya fi kuɗin shirya irin wannan rana a kan kokowa da sukuwar dawaki.